Takardar Da Aka Jefa Wa Lilly: Albashin Mata a Bakin 'Yan Siyasar Amurka

 Yau tarihi za mu taɓa, kuma ba na nan kusa ba, na ƙasar Amurka ne. Na san wata za ta ce, to mu da muke cikin gida ina ruwanmu da zaɓen Amurka? Ki ɗan gyara zama tukuna. Labarin wata mata ne da ta yi shekara 19 tana aiki ba ta san ana ƙwararta ba, da kuma yadda 'yan siyasa suka ɗauki kukanta suka mai da shi sandar dukan juna. Duk wadda ta taɓa ba dillaliya kaya, sai daga baya ta ji ainihin kuɗin da aka sayar da su, to ta san irin ciwon da matar nan ta ji.

Bari mu faro daga 1963. A ran 10 ga watan Yuni na wannan shekara, shugaba John Kennedy ya sa hannu a wata doka da ta ce in mace da namiji suna aiki iri ɗaya a wuri ɗaya, to a biya su daidai. A lokacin, in aka yi lissafin ma'aikatan ƙasar, duk inda namiji ya samu dala 100, mace kimanin dala 59 take samu. Shekara ɗaya bayan nan, a 1964, aka ƙara wata babbar doka da ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda launin fata, ko addini, ko don mutum mace ce ko namiji. Kin ji, doka kam akwai ta. Amma doka tana cikin littafi, albashi kuma yana cikin ambulan a rufe, ba wanda ya san abin da ke cikin na ɗan'uwansa.

Ita matar da za mu yi magana a kanta sunanta Lilly Ledbetter. An haife ta a 1938 a wani ƙauye na jihar Alabama, a kudancin Amurka, kuma ba 'yar masu kuɗi ba ce. A 1979 ta samu aiki a masana'antar tayar mota ta kamfanin Goodyear da ke garin Gadsden, a matsayin mai kula da ma'aikata. Aiki ne da aka saba gani a hannun maza, ga zafi, ga ƙaurin roba, ga aikin dare. Da farko albashinta daidai yake da na mazan da ke kan matsayinta. To amma ƙarin albashi a wurin ba kai-tsaye ake yinsa ba, sai abin da na sama da kai ya rubuta a kanka. Bana a ƙara wa maza da yawa a ƙara mata kaɗan, baɗi ma haka, ita kuwa ba ta sani ba, don kamfanin ba ya bayyana albashin kowa.

Sai a 1998, tana dab da barin aiki, kamar yadda ita da kanta ta riƙa ba da labari, ta tarar da wata 'yar takarda a akwatin saƙonninta na wurin aiki. Ba suna, ba sa hannu. An rubuta albashinta, an jera na wasu maza uku masu irin aikinta. Alƙaluman da daga baya suka fito a gaban kotu sun nuna cewa a ƙarshen 1997 ita kaɗai ce mace a wannan matsayi, tare da maza 15. Ana biyanta dala 3,727 a wata. Wanda ya fi ƙarancin albashi a cikin mazan yana karɓar dala 4,286, na samansu kuma dala 5,236. Wato ko na ƙarshensu ya ɗara ta da dala 559 duk wata. Kuma abin bai tsaya nan ba, domin kuɗin aikin ƙarin lokaci da kuɗin fansho duk a kan albashi ake lissafa su. Ƙwarar za ta bi ta har tsufa ke nan.

Ta kai ƙara. Kamfanin ya kare kansa da cewa ba don tana mace ba ne, rahoton aikinta ne bai kai na sauran ba. A Amurka akan zaɓo mutanen gari su saurari shari'a su taya alƙali yanke hukunci, to waɗannan mutane ba su gamsu da hujjar kamfanin ba. A 2003 suka ce a biya ta sama da dala miliyan 3. Alƙali ya rage kuɗin zuwa dala 360,000, saboda doka ta yi wa irin wannan diyya iyaka. Kamfani ya ɗaukaka ƙara, kotu ta gaba ta soke hukuncin, magana ta tafi har Kotun Ƙoli.

A ran 29 ga Mayu 2007 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, Lilly ta faɗi. Ki lura da kyau, kotun ba ta ce ba a zalunce ta ba. Cewa ta yi ta makara. Doka ta ba wanda aka nuna wa bambanci kwana 180, kimanin wata shida ke nan, ya kai kuka. Alƙali Samuel Alito, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce ana fara ƙirga kwanakin ne daga ranar da aka yanke mata ƙaramin albashin, shekaru da yawa baya. To 'yar'uwa, don Allah yaya za ki kai ƙarar abin da ba ki san an yi miki ba?

Wannan ita ce tambayar da Ruth Bader Ginsburg ta yi. A lokacin ita kaɗai ce mace a cikin alƙalai tara na kotun. Ba ta tsaya ga rubuta rashin amincewarta ba, sai da ta karanta shi da bakinta a zauren kotu, abin da alƙalan can ba su cika yi ba sai rai ya ɓaci. Ta ce bambancin albashi ba kamar kora daga aiki ba ne da mutum zai gani da idonsa ranar da aka yi. A ɓoye yake, kaɗan-kaɗan yake taruwa. Ta rufe da kira ga majalisar dokoki cewa gyara ya rage gare ta.

To daga nan fa magana ta bar hannun alƙalai ta faɗa hannun 'yan siyasa, kuma ga zaɓen 2008 ya ƙarato.

Manyan jam'iyyu biyu ne a Amurka, Dimokurat da Rifablikan. 'Yan Dimokurat suka kawo ƙudurin doka da sunan Lilly. Ya wuce a majalisar wakilai, amma a watan Afrilun 2008 ya maƙale a majalisar dattawa, don ana bukatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a ci gaba da shi, aka samu 56. Barack Obama da Hillary Clinton, waɗanda a lokacin suke kokawar neman tutar jam'iyya ɗaya, duk sun bar yawon kamfe sun dawo sun jefa ƙuri'ar goyon baya. John McCain, ɗan takarar Rifablikan, bai halarta ba, amma ya ce ba ya goyon baya. Hujjarsa ita ce dokar za ta buɗe ƙofar ƙararraki barkatai a kan kamfanoni, kuma abin da mata suka fi bukata shi ne ilimi da horo. Wannan magana ta yi wa mata da yawa zafi, don matar da ake magana a kanta ta kusa shekara 20 tana aikin, wane horo ya rage mata?

Aka gayyaci Lilly ta yi jawabi a babban taron Dimokurat a birnin Denver cikin watan Agusta. Obama ya ci zaɓe. Mijinta ya rasu a watan Disamba, bai ga ƙarshen abin ba. A ran 29 ga Janairu 2009 Obama ya sa hannu a dokar, ita ce ma ta farko da ya sa wa hannu a matsayin shugaba, Lilly na tsaye kusa da shi. Abin da dokar ta ce a taƙaice: duk lokacin da aka miƙa miki albashin da aka tauye, kwana 180 ɗin nan sun sake farawa daga farko. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duka mata huɗu 'yan Rifablikan da ke majalisar dattawa a lokacin sun saɓa wa jam'iyyarsu sun goyi bayan dokar.

Sai dai ki riƙe wannan: dokar ba ta ƙara wa kowace mace ko sisi ba. Ƙofar kotu kawai ta buɗe.

Inda abin ya fi daɗin ji, ya kuma fi ban takaici, shi ne zaɓen 2012, tsakanin Obama da Mitt Romney. Romney attajiri ne, tsohon gwamnan jihar Massachusetts. Tun farkon shekara kowane ɓangare ya ɗauki halin ɗan takarar ɗaya ɓangaren ya sa a faranti. 'Yan Dimokurat suka ce Romney mai kuɗi ne da bai san zafin talaka ba, har suka tono wani tsohon labari na 1983, lokacin da ya sa karensa a keji a kan rufin mota ya yi doguwar tafiya da iyalinsa, wai ga irin zuciyarsa nan. 'Yan Rifablikan kuma suka ce Obama daɗin baki kawai gare shi, mata sun rasa ayyuka a zamaninsa yana ta jawabi.

A watan Afrilu sai wata mai sharhi, mai goyon bayan Dimokurat, Hilary Rosen, ta yi suɓutar baki a gidan talabijin na CNN. Romney ya saba cewa daga wurin matarsa Ann yake jin damuwar mata kan tattalin arziki. Sai Rosen ta ce ai matar tasa ba ta taɓa yin aiki ko na kwana ɗaya ba a rayuwarta. Ke 'yar'uwa da kike saurarona, wataƙila da tsintsiya a hannu ko goyo a baya, kin ji fa. Ann Romney 'ya'ya maza biyar ta haifa ta raina. Ta mayar da martani cewa ita ta zaɓi zama a gida ta raini 'ya'yanta, kuma aiki ne mai wuya. Ƙasa ta ɗauka. Har Obama da matarsa Michelle sai da suka fito suka nesanta kansu da maganar, Rosen ta ba da haƙuri.

A ganina Rosen ta yi kuskure babba, ko da abin da take nufi shi ne matar attajiri ba ta san zullumin kuɗin cefane ba. Amma kada ki yi saurin tafa wa ɗaya ɓangaren. Kwanaki kaɗan bayan haka aka fito da wani hoton bidiyo na watan Janairun shekarar, inda Romney da kansa yake cewa iyaye mata matalauta masu karɓar tallafin gwamnati, ko da ɗansu shekara biyu gare shi, ya kamata su fita aiki don su san darajar aiki. Ashe raino aiki ne in matar mai kuɗi ce ke yi, in ta talaka ce kuma zaman banza ne? Laifi tudu ne, in ji masu iya magana.

A watan Yuni aka kawo wani ƙudurin a majalisar dattawa, wanda zai hana kamfani hukunta ma'aikaci don ya faɗa wa abokin aikinsa albashinsa. Wannan shi ne ainihin maganin ciwon Lilly. Ya samu ƙuri'a 52, bai kai 60 ba, ya mutu. Bai samu ko rabin surutun da aka yi a kan karen Romney ba.

Sai daren 16 ga Oktoba 2012, a Jami'ar Hofstra da ke jihar New York, aka yi muhawara ta biyu, irin wadda mutanen gari ke tashi su yi wa 'yan takara tambaya. Wata matashiya ta miƙe ta ce, wace sabuwar hanya za ku bi ku gyara rashin daidaito a wurin aiki, ganin mata kashi 72 cikin 100 na abin da maza ke samu suke samu? Tambaya ce a fili, ba kwana-kwana.

Obama ya ba da labarin kakarsa, wadda ta faro daga ƙaramar ma'aikaciya a banki har ta kai mataimakiyar shugaba, amma ta tsaya nan, tana koya wa maza aiki suna zuwa su zama shugabanninta. Ya kawo dokar Lilly. Labari mai taɓa zuciya, amma duk abin da ya riga ya wuce ne, ita kuwa yarinyar sabuwar hanya ta tambaya. Romney kuma ya ce lokacin da ya zama gwamna ya ga duk sunayen da aka kawo masa na muƙamai maza ne, sai ya nemi ƙungiyoyin mata su taimaka, suka kawo masa kundi-kundi cike da mata. Sunayen mata da takardunsu yake nufi, amma bakinsa ya ce cike da mata. Kafin a tashi daga muhawarar intanet ta cika da ba'a, ana zana mata a matse cikin fayil. Washegari kuma ƙungiyoyin matan jihar suka ce ba shi ya nema ba, su suka shirya sunayen tun kafin a san wanda zai ci zaɓen gwamna. Ya kuma ba da misalin shugabar ma'aikatan ofishinsa da ya bari tana tashi da wuri don ta je ta yi wa yaranta abincin dare, nan ma aka ce ga shi nan, mace a wurinsa ta kicin ce.

Adalci dai shi ne a faɗa: Romney ya naɗa mata da dama a manyan muƙamai a farkon mulkinsa, mataimakiyarsa ma mace ce, Kerry Healey. Kuma maganar sassaucin lokacin aiki da aka yi masa dariya a kai, za ki ji nan gaba cewa ba shirme ba ce. Amma bai amsa tambayar albashi ba, kamar yadda shi ma Obama bai amsa ba. An kwashe mako guda ana maganar kundi, tambayar yarinyar ta bi iska.

'Yan Rifablikan su ma ba su zauna ba. Suka ɗauko jerin albashin ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda doka ta sa a riƙa bugawa, suka nuna cewa in aka yi lissafi a dunƙule, matan da ke yi wa Obama aiki ba su kai maza samu ba. A 2014 da maganar ta sake tasowa, lissafin ya nuna dala 88 a kan kowace 100. Fadar ta amsa da cewa ai masu matsayi ɗaya albashinsu ɗaya, bambancin ya zo ne don mata sun fi yawa a ƙananan kujeru. Abin dariyar shi ne, wannan ita ce hujjar da 'yan Rifablikan suka daɗe suna kawowa a kan alƙaluman ƙasa baki ɗaya, 'yan Dimokurat suna cewa kame-kame ne.

Bari in warware miki wannan lissafi, don a nan ake rikita mutane. Adadin da Obama ya fi ambata shi ne 77 cikin 100, daga hukumar ƙidayar ƙasar. An samo shi ne ta hanyar kwatanta duk matan da ke cikakken aiki da duk mazan da ke cikakken aiki, likita da mai shara, direba da malamar makaranta, duk a kwando ɗaya. Ba ya nufin kowace mace ana biyanta 77 a aikin da namiji na kusa da ita ke karɓar 100. Wasu masana biyu na Jami'ar Cornell, Francine Blau da Lawrence Kahn, sun tace lissafin, suka cire bambancin irin sana'a da ilimi da shekarun aiki, sai ya rage kimanin kashi 8 cikin 100 da ba a iya bayaninsa ba. Wannan ɓangare ya riƙe 77 yana cewa zalunci ne tsantsa, wancan ya riƙe ƙaramin adadin yana cewa ba matsala. Ba wanda ya so ya tsaya a kan tambayar da ke tsakiya: me ya sa ayyukan da mata suka fi yawa a ciki, kamar raino da jinya da koyar da ƙananan yara, su ne masu arha?

Obama ya ci zaɓen. Binciken da aka yi a bakin rumfunan zaɓe ya nuna mata 55 cikin 100 shi suka zaɓa, 44 suka zaɓi Romney. Amma a cikin matan aure Romney ne ya yi rinjaye, da kimanin 53. Kin ga ashe mata ba tsintsiya ɗaya ba ne da za a ɗaure da magana ɗaya.

Zaɓen 2016 ba sai na daɗe a kansa ba. Ga mace 'yar takara, Hillary Clinton, tana maganar albashi daidai, ga Donald Trump yana cewa ba don tana mace ba da ba ta kai ko'ina ba. A ran 7 ga Oktoba aka fito da wani tsohon faifai na 2005 inda aka ji shi yana maganganun batsa a kan mata, waɗanda ba zan iya maimaitawa a wannan fili ba. Kwana biyu bayan haka, a daren muhawara, shi kuma ya gayyato matan da suka zargi mijinta Bill Clinton da cin zarafi. Daga nan magana ta koma wa ya fi wani lalacewa. Trump ya ci.

Kada a fahimce ni baibai, ban ce halin ɗan takara ba abin dubawa ba ne. Wanda ya raina mace a bayan ido da wuya ya tsaya mata a majalisa. Abin da na lura da shi a wannan tarihi shi ne, kowace jam'iyya halin abokin hamayya take gani, na ɗan gidanta kuma sai ta nemo masa uzuri, kuma da zarar an shiga wannan rigima ba a ƙara komawa kan ambulan ɗin albashi.

Amsar da ta fi gamsar da ni ba daga bakin ɗan siyasa ta fito ba. Wata farfesa ce ta Jami'ar Harvard, Claudia Goldin, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023 saboda bin diddigin aikin matan Amurka na kimanin shekara 200. Ta nuna cewa a wannan zamani mace da namiji masu ilimi ɗaya sukan fara aiki da albashi kusan ɗaya. Tazarar takan buɗe ne bayan haihuwar fari. Ayyukan da suka fi tsoka suna son mutum dare da rana, a kira shi ko yaushe ya amsa. In yaro ya zo dole ɗaya cikin iyaye ya sassauta, kuma galibi uwar ce. Ashe abincin daren da aka yi wa Romney dariya a kansa yana tsakiyar maganar, sai dai shi ya ɗauke shi alfarma ce da maigida ke yi wa ma'aikaciya, bai ce komai ba a kan kuɗin da take asara saboda shi.

Ɗan gyaran da aka samu kuwa, a jihohi aka same shi, ba tare da hayaniya ba. A 2016 jihar Massachusetts, ta su Romney, ta yi dokar da ta hana mai ɗaukar aiki tambayar mai nema nawa ake biyansa a da, don kada tsohuwar ƙwara ta bi mace zuwa sabon wuri. Gwamnan da ya sa hannu, Charlie Baker, ɗan Rifablikan ne. Jihar Colorado kuma daga 2021 ta wajabta wa kamfanoni su rubuta albashi a jikin tallar aiki, wasu jihohin suka bi sahu. A lissafin hukumar ƙidaya na 2023, mata sun kai kimanin dala 83 a kan kowace 100 ta maza. Daga 59 zuwa 83 a cikin shekara 60.

Ita kuwa Lilly Ledbetter ta rasu ran 12 ga Oktoba 2024, tana da shekara 86, saura mako uku da 'yan kwanaki a yi zaɓen da Kamala Harris ta kara da Trump. Dokar da ke ɗauke da sunanta ba ta koma baya ta shafi shari'arta ba, saboda haka ko dala ɗaya ba ta karɓa ba daga kuɗin da kotun farko ta yanke mata, fanshonta ma a kan tsohon albashin nan aka ci gaba da lissafa shi har ta koma ga Mahaliccinta.